Yadda Khanabadosh ke aure: kuɗin amarya, auren musaya, da inda rigima ke tasowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan cin karo da bidiyon bikin wasu mutane da ake kira Khanabadosh, masu zama a tantuna a gefen garuruwan Pakistan da Indiya. Wasu na cewa sayen mata suke yi, wasu kuma sun ce ba sa ma ɗaura aure. Don Allah yaya aurensu yake tun daga nema har tarewa? Kuma shin Musulmi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da za ki riƙe shi ne, Khanabadosh ba sunan ƙabila ba ne. Suna ne da mazauna gari a Pakistan da arewacin Indiya da Afganistan suke kiran duk wanda ba shi da matsuguni ɗaya. Su kansu mutanen kowa da sunan da yake amsawa, kuma da yawa ba sa ko aurayya da juna. Kashi biyu ne manya. Akwai makiyaya: Kuci na Afganistan, waɗanda akasarinsu Fashtun ne masu tumaki da raƙuma, da Bakarwal na Jammu da Kashmir masu awaki, da Rabari na Gujarat da Rajastan. Akwai kuma masu yawon sana'a, waɗanda ba garke suke bi ba, kasuwa suke bi: Kalandar masu wasa da biri da beyar, Kanjar masu yin kayan wasan yara na yumɓu da kafa lilo a wurin bukukuwa, Jogi da Kalbeliya gardawan maciji, Gadiya Lohar maƙera masu yawo a amalanke. Waɗanda kike gani a tantunan tsumma a gefen Lahore ko Multan galibi 'yan kashi na biyu ne. Kuci da Bakarwal da Kalandar Musulmi ne. Rabari da Gadiya Lohar da yawancin Banjara, wata ƙabilar masu yawo a Indiya, Hindu ne. Kanjar kuwa akwai Musulmi a Pakistan, akwai Hindu a Indiya. Aure kam suna yi, har ma ya fi na mazauna gari yawan sharuɗɗa.

Maganar saye da kika ji tana da tushe, ko da yake kalmar ta yi kaushi. A yawancin biranen Indiya da Pakistan uban yarinya ne ke shan wahala: shi zai haɗa kaya da zinari da kuɗi, abin da suke kira jahez, ya bi 'yarsa da su gidan miji. Al'adar ta yi muni har Indiya ta kafa dokar hana ta a 1961, kuma har yau ba ta daina ba. A wajen masu yawo dukiyar juyawa take yi, daga dangin ango zuwa tantin uban amarya. Fashtun suna kiran wannan kuɗi walwar, Kalandar da Kanjar suna ce masa bobar. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. A tantin Kuci mace ce ke tatsa, ta kaɗa nono, ta busar da cuku don hunturu, ta saƙa shi kansa tantin da baƙin gashin akuya, ta kafa shi ta kwance shi a kowane zango. A wajen Kanjar abin ya ma fi haka. Joseph Berland, masanin da ya daɗe yana zama da Kalandar da Kanjar a Pakistan tun shekarun 1970, ya nuna cewa matan Kanjar su ne ke shigo da mafi yawan abin da tanti ke ci, ta hanyar tallan kayan wasa, rawa da waƙa, da bara, maza kuma sukan zauna a zango da ƙananan yara. Saboda haka duk tantin da ya aurar da 'ya ya rasa mai nema, kuma diyyar wannan rashi ake biya. Shi ya sa haihuwar mace a wajen Kanjar abin murna ne, saɓanin maƙwabtansu na cikin gari.

Wa ake aura? Ɗan gida. Kusan dukkansu ba sa ba da 'ya a waje, kuma mazauna gari ma ba sa nema, don raini ya daɗe a tsakani: a 1871 Turawan mulkin mallaka sun yi dokar da ta ɗauki ƙabilu masu yawo da dama a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, Indiya ba ta cire musu wannan tambari ba sai 1952. A cikin gidan ne hanya ke rabuwa. Musulminsu sun fi son auren zumunci, 'yar baffa ko 'yar kawu ko 'yar inna, don dukiya da yarinyar duk su tsaya a kusa. Hindu kuwa dole a auri 'yar ƙabila, amma haramun ne a wajensu a auri 'yar zuri'a ɗaya ta wajen uba. Don haka ɗan ƙabilar Rabari kan nemi mata a wata zuri'ar Rabari daban. Fashtun na reshen Durrani suna da ƙarin ƙa'ida: namijinsu yana iya auro bare, amma 'yarsu ba ta zuwa gidan wanda ba Durrani ba.

Nema aikin manya ne. A wajen Kuci mata ne ke fara taɓa ruwa: uwar yaro ko gwaggonsa ta je tantin su yarinya kamar ziyara, ta sha shayi, ta jefa magana. In ba a rufe mata ƙofa ba, sai dattawa maza su je a fili. Ba a zama ɗaya ake gamawa ba, domin uban da ya amsa da wuri ya zubar da darajar 'yarsa. Ranar da aka daidaita, dangin yarinya kan fito da kayan zaƙi da wani ƙyalle mai ado da suke kira dusmal a kan faranti, su miƙa wa baƙi. Karɓar wannan ƙyalle shi ne baiko, kuma nan take 'yan uwan yaro kan harba bindiga sama don duk zangon ya shaida. Daga wannan rana yarinya ta zama tasu a idon jama'a, kuma warware irin wannan baiko na iya jawo gaba ta shekaru.

Abin da ake cinikinsa a zaman dattawa ba adadin kuɗi kaɗai ba ne. Ana tsayar da nawa ne tsaba, nawa ne dabbobi, a kan wane farashi za a lissafa kowace tunkiya ko raƙumi, kashi nawa za a biya kuma yaushe, wa zai kawo shinkafa da mai da dabbobin yanka na walima, da kuma nawa uban zai mayar a kayan ɗakin 'yarsa. Abubuwan da ke ɗaga kuɗin sanannu ne: budurwa ta fi bazawara, wanda ke neman ta biyu ko wanda ya manyanta ya fi saurayi biya, bare ya fi ɗan uwa biya, yarinyar da ta iya saƙa ko ta iya nema kuwa sai mai hali. Galibin rigimar da ke zuwa daga baya a wannan zama ake shuka ta, domin komai da baki ake yi. A ce an lissafa tumaki a kan farashin bana, sai fari ya zo baɗi garke ya mutu ko farashi ya faɗi. Uban yarinya ya ce tumaki ya sani, uban yaro ya ce kuɗi aka faɗa. Ba takarda, sai abin da shaidu suka tuna, su ma kowa da inda yake karkata.

Ba a tarewa sai an gama biya, ko an biya kaso mai tsoka. Shi ya sa baiko kan ɗauki shekaru. Saurayi ya tafi kiwon haya, ko ƙodago a Iran ko ƙasashen Larabawa, yarinya na zaune tana yi wa tantin ubanta aiki, uban kuma ba ya gaggawa. A wajen Kalandar da Kanjar bashi ake ci daga 'yan uwa a haɗa kuɗin. Zangonsu, wanda suke kira dera, tantuna kaɗan ne, kamar uku zuwa bakwai, kuma sau da yawa abin da ke sa wannan tanti ya bi wancan shi ne baiko ko bashin aure da ke tsakaninsu: mai bin bashi ba ya son wanda yake bi ya yi nisa, masu jiran amarya kuma suna son idonsu na kanta.

A nan akwai abin da ya kamata ki bambance, Malama. Walwar ba sadaki ba ne. Sadaki haƙƙin mace ne, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta ce a ba mata sadakinsu. Walwar kuwa aljihun uba ko yayye yake shiga, kuma sau da yawa da shi ake auro wa ɗan gidan tasa matar. Ranar ɗaurin aure liman zai tambayi sadaki, sai a ambaci wani ɗan abu don cika sharaɗi. A karkarar Punjab an daɗe ana rubuta rupi 32 da rabi ana kiransa sadakin shari'a, alhali shari'a ba ta ƙayyade shi ba, kuma yau ko kofin shayi da ƙyar ya saya. Ga dukiya mai yawa ta sauya hannu saboda ita, amma abin da ta mallaka da sunanta bai taka kara ya karya ba, in ban da azurfar jikinta da kayan ɗakinta.

Wanda ba shi da abin biya, hanyar da ta rage masa ita ce musaya: in ba ka ƙanwata, ka ba ni taka. A Punjab da Sindh sunansa watta satta, Fashtun na ce masa badal, a Rajastan ata sata. Ba masu yawo kaɗai ke yi ba. Wani bincike da Hanan Jacoby da Ghazala Mansuri na Bankin Duniya suka wallafa a 2010 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na aure a karkarar Pakistan musaya ne, kuma sun ga cewa a irin wannan aure duka da yaji sun fi sauƙi, saboda kowane miji ya san ƙanwarsa na hannun surukinsa. To amma wannan garkuwa ita ce kuma tarkon. Aure biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya. In wancan ya kori matarsa, wannan ma dangi za su tilasta masa ya kori tasa, ko da suna zaman lafiya da 'ya'ya a tsakani. In ɗaya daga cikin matan ta rasu, danginta sun ci riba a lissafinsu, sai a nemi su ba da wata yarinya ko su biya. Sannan ba kullum shekaru ke daidaita ba: saurayi ya isa aure, ƙanwarsa ba ta ko kai goma ba, sai a yi alkawarinta haka nan, wani lokaci ma a yi alkawarin cikin da ba a haifa ba. A ganina babu wata al'ada a cikin duk waɗannan da ta kai musaya jawo auren ƙananan yara.

Ta fuskar addini, hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya hana shigar, wato mutum ya aurar da 'yarsa ga wani bisa sharaɗin shi ma ya aurar masa da tasa, babu sadaki a tsakani. Mai karatu da ya tashi a mazhabar Malikiyya zai yi mamakin yadda malamansu ke ɗaura shi. A Malikiyya, in ba a ambaci sadaki ba sam, raba auren ake yi ko an tare ko ba a tare ba. In an ambata wa kowace sadaki amma an rataya wannan aure a kan wancan, ana raba shi kafin tarewa, bayan tarewa kuma ya tabbata. Su kuwa Musulmin wannan yanki galibi Hanafawa ne, kuma a Hanafiyya auren ya ɗauru, sharaɗin ne ya faɗi, kowace mace a ba ta sadakin da ake ba irinta. Da wannan ƙofa limamai ke bi, su sa wa kowace nata sadaki a yi ɗaurin aure biyu.

Lokacin biki garke ne ke tsayar da shi. Bakarwal kan tashi daga ƙasan Jammu wajen watan Afrilu, su haye tsaunukan Pir Panjal zuwa makiyayar Kashmir, su sauko wajen Satumba da Oktoba. Ba mai kafa biki a kan hanya, sai an sauka an natsu. Rabari na yankin Kacc a Gujarat sun fi kowa tsari: bukukuwan aurensu na shekara a rana ɗaya ake haɗa su, ranar bikin haihuwar Krishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, wadda ke faɗowa a Agusta ko farkon Satumba, tsakiyar damina, lokacin da makiyaya suka dawo gida. Haɗawar na rage kashe kuɗi, amma tana sa a tura har da yaran da ba su isa ba don kada a jira wata shekara. A Rajastan ranar wani bikin Hindu da ake kira Akha Tij ce ta yi suna wajen irin wannan haɗa aure.

Shi kansa bikin, a wajen Musulminsu, ba zai zame miki baƙo ba. Akwai daren lalle. Washegari ayarin ango ya zo da ganga, liman ya ɗaura aure a gaban shaidu, wakili ya shiga wajen mata ya karɓo yardar amarya, wadda yawanci shiru ne ko kuka. A yanka tumaki a dafa shinkafa. Mazan Fashtun su yi da'ira su taka attan, ganga na ƙara sauri suna juyi har sai masu ƙarfi kaɗan sun rage. Amaryar Kuci kan sa doguwar riga mai faɗin gindi da aka yi wa ƙirji da ɗinkin ado da tsabobi da duwatsun wuya, a lulluɓe ta, a ɗora ta a kan raƙumin da aka ƙawata, kayan ɗakinta na biye a fili kowa na ƙirgawa: darduma, barguna, buhunan saƙa, tukwane. Wannan ƙirga ba wasa ba ce, da ita ake gane uban da ya mayar da walwar a kan 'yarsa da wanda ya cinye. Hindu kuwa wuta ake hurawa ango da amarya su zagaya ta. Banjara suna da wani kukan rabuwa mai waƙe da ake kira dabalo, wanda tsofaffin mata ke koya wa amarya kafin ranar tafiya, ta bi iyaye da 'yan uwa har da dabbobin gida tana yi musu sallama.

Inda amarya za ta sauka ya danganta da irin dukiyar mutanen. Garke ba ya son rabuwa, don haka amaryar Kuci takan fara zama a tantin surukai ƙarƙashin uwar miji, sai an haihu, ko uba ya raba dabbobi, sannan su kafa nasu. Jarin Kalandar kuwa gwaninta ce da biri ko akuyar wasa, ba abin da za a jira a raba, saboda haka aure na nufin sabon tanti, wanda suke kira puki, da tukunyarsa daban. Wajen Rabari ɗaurin aure daban, tarewa daban, kuma tsakaninsu kan kai shekaru. Yarinya na zuwa gidan miji ziyara ta koma, sai an biya abin da ya rage, ita kuma ta kammala kayan da za ta tafi da su: riguna, mayafi, jakunkuna da adon bango, duk ɗinkin hannu da ƙananan madubai. Gasar wannan ɗinki ta yi tsanani har mata na kaiwa shekaru da yawa ba su tare ba, sai a 1995 dattawan reshen Debariya na Rabari suka hana ɗinkin adon gaba ɗaya. Matan suka koma jera leshi da ribon na kanti da keken ɗinki.

A kan saki ne bambancin ya fi fitowa. Nancy Tapper, wadda ta zauna da Durrani a arewacin Afganistan a farkon shekarun 1970, ta tarar saki kusan babu shi. A ce wa Bafashtune mai sakin mata zagi ne babba. Mace ta shiga ke nan, ko mijin ya mutu ƙaninsa ko wansa ne ke da haƙƙin aurenta a al'ada, don an riga an biya, kuma 'ya'ya da dabbobi ba za su fita daga gidan ba. Kalandar da Kanjar kuwa saki a wajensu ruwan dare ne, kuma mace ma na iya tayar da shi. Sai dai a nan gizo ke saƙa: dole a mayar da bobar, ko wani kaso nasa, alhali uban ya riga ya kashe ko ya auro wa ɗansa mata da shi. Mafita ita ce a sami sabon manemi ya biya tsohon miji. A Rajastan wannan tsari na da suna, nata, kuma kuɗin da sabon miji ke biya ana kiransa jagra. Majalisar dattawan ƙabila ce ke yanke shi. Yana ba mace hanyar fita daga gidan da ba ta so, amma 'ya'ya yawanci a wajen uba ake barinsu, kuma akwai iyaye da mazan da suka mayar da shi kasuwa.

Mafi muni shi ne ba da yarinya don kashe rigimar jini, abin da ake kira baad a Afganistan, swara ko vani a Pakistan. Dokar Pakistan ta 2011 ta sa masa ɗaurin shekara 3 zuwa 7. Afganistan ta haramta shi a dokar 2009, kuma a Disamban 2021 shugaban Taliban ya fitar da umarnin hana shi, tare da hana tilasta wa matar mamaci aure. Shekarun aure ma doka ta faɗa: a Indiya 18 ga mace, 21 ga namiji, bisa dokar 2006, a Pakistan tsohuwar dokar 1929, bayan gyaran da aka yi mata a 1961, ta sa 16 ga mace, lardin Sindh ya ɗaga zuwa 18, Islamabad ta bi sahu a 2025. Amma hukuma ba ta cika leƙa zangon da gobe ba ya nan ba.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa ba sa ɗaura aure. Abin da ba su da shi takarda ce. Dokar iyali ta Musulmi ta Pakistan ta 1961 ta wajabta a rubuta kowane aure a takardar nikahnama, a kai wa mai rajista na majalisar gunduma. Rashin yin haka laifi ne, amma bai ɓata auren ba. A cikin takardar akwai gurabe na 13 zuwa 16 na sadaki, nawa ne, nawa aka biya, nawa ya rage, da gurbi na 18 inda miji ke iya ba matar ikon sakin kanta, wanda masu cikewa suka saba ja wa layi ba tare da sun tambayi kowa ba. Cike ta na bukatar katin shaidar ɗan ƙasa na hukumar NADRA, shi kuma katin na bukatar adireshi da shaidar iyaye, abin da mai tanti ba shi da shi. Daga nan matsala ke bin matsala: ba rajistar aure, takardar haihuwar yaro ta yi wuya, ba takardar haihuwa, makaranta ta yi wuya, matar da ba ta da kati ba ta shiga tallafin Benazir, kuɗin da gwamnati ke ba matalauta, da aka fara a 2008. Saki ma dokar ta ce a sanar da shugaban majalisar gunduma a rubuce, ya fara aiki bayan kwana 90. In dattawa suka raba aure da baki, mace ta yi idda ta sake aure, tsohon mijin da bai gama karɓar kuɗinsa ba na iya zuwa wajen 'yan sanda ya ce har yanzu matarsa ce. Tsakanin dokar haddi ta 1979 da gyaran da aka yi mata a 2006, irin wannan ƙara ta kai mata da dama kurkuku bisa zargin zina, kuma ko a yanzu macen da ba ta da takardar saki a hannu sai ta nemo shaidun da suka halarci zaman, waɗanda wataƙila zangonsu ya riga ya tashi zuwa wani lardi.